Bikin Bazara da Sauran Al'adun Shigowar Shekara a Ƙasar Sin: Tambayoyi da Amsoshi

Mai kallo daga nesa jajayen fitilu da rawar zaki kawai yake gani a talabijin, sai ya ɗauka biki ne na kwana ɗaya ko biyu. A wajen Sinawa kuwa kakar biki ce sukutum, wadda take farawa tun sanyi yana tsakiyar ƙarfinsa, ba ta ƙarewa sai an yi shuka a watan Afrilu. Kusan duk al'adun da ke cikinta daga rayuwar manomi suka fito, kuma arewa da kudu sun sha bamban wajen yin su.

Wane biki ne Bikin Bazara, kuma me ya sa ranarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya?

Shi ne sabuwar shekarar kalandar gargajiya, Sinawa suna kiransa Chunjie. Kalandar tana bin wata da rana a lokaci guda. Kowane wata kwana 29 ne ko 30, shekara tana kamawa kimanin kwana 354, kamar dai ta Hijira. Inda suka rabu shi ne Sinawa suna ƙara wata na 13 sau 7 a cikin kowace shekara 19, don kada watanni su tsere wa lokutan noma. Shi ya sa azumi yake zagaya dukkan lokutan shekara, amma Bikin Bazara ba ya fita daga tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2024 ya faɗo 10 ga Fabrairu, a 2025 ya faɗo 29 ga Janairu, 2026 kuma 17 ga Fabrairu, sai 2027 ranar 6 ga Fabrairu.

Ba a duban wata. Lissafi ake yi, kuma cibiyar nazarin taurari ta Zijinshan da ke Nanjing ce take fitar da shi. Ranar da wata ya shiga tsakanin duniya da rana ita ce ɗaya ga wata, saboda haka a daren sabuwar shekara babu wata a sama kwata-kwata. Lissafin ne kuma ya sa daga 2025 har 2029 watan ƙarshe kwana 29 yake yi, jajibere yana zuwa ba tare da an ga ranar 30 ba.

Kalandar da aka kafa a shekara ta 104 kafin haihuwar Annabi Isa, zamanin Sarki Wu na daular Han, ita ce ta tsayar da wannan wata a matsayin farkon shekara. Sunan Chunjie kuwa sabo ne, ya kama ne bayan 1912 da gwamnati ta koma kalandar Turawa. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta saka bikin cikin jerin al'adun gado na duniya.

Ana cewa bazara, amma hotuna suna nuna ƙanƙara da manyan riguna. Yaya abin yake?

Ba bazarar zafi ba ce. Lokacin da sanyi yake fara sakin ƙasa, itatuwa su fara toho, shi ake nufi. Manoman Sin sun raba shekarar rana kashi 24, kowane kashi kimanin kwana 15, shida daga ciki na wannan kaka ne: Lichun na farkon bazara wajen 4 ga Fabrairu, Yushui na saukar ruwa, Jingzhe na farkawar ƙwari wajen 5 ko 6 ga Maris, Chunfen da dare da rana suke daidaita, Qingming wajen 4 ko 5 ga Afrilu, sai Guyu na ruwan hatsi. An tsara su ne da yanayin kwarin Rawayen Kogi. Saboda haka ranar Lichun mutumin Harbin yana cikin ƙanƙara har gwiwa, na Guangzhou kuwa yana kasuwar furanni da riga mai sauƙi.

Yaushe ake fara shiri?

Tun ranar 8 ga watan 12, wadda ake kira Laba. A ranar ana dafa kunun shinkafa da gero da jan wake da gyaɗa da busassun 'ya'yan itace. A arewa kuma ana jiƙa tafarnuwa: a ɓare ta, a yanke gindin kowane ƙwaya kaɗan, a zuba a kwalba, a cika da ruwan khal na shinkafa, a rufe sosai a ajiye wuri mai sanyi. Kafin jajibere ta koma kore shar, da ita ake cin jiaozi, wato ƙullin fulawa da ake naɗe nama a ciki a dafa. Idan ta ƙi sauya launi, galibi tafarnuwar sabuwa ce da ba ta sha sanyi ba, domin sai ta kwana cikin sanyi makonni kafin sinadarin da ke kawo koren ya motsa.

Sai "ƙaramar shekara", ranar 23 a arewa, 24 a kudu. A imanin gargajiya kowane murhu yana da mai tsaronsa, Zao Jun, wanda ake manna hotonsa a bangon madafa. A wannan rana yake hawa sama ya kai wa Sarkin Sama rahoton abin da mutanen gidan suka aikata a shekara. To, sai a ajiye masa alewa mai danƙo, wasu ma su shafa a bakin hoton, don ko dai ya faɗi mai daɗi, ko bakin ya manne ya kasa magana. Toshiyar baki ce a fili, kuma su kansu Sinawa da raha suke ba da labarin. Daga nan a ƙone tsohon hoton, a manna sabo a daren jajibere.

Da zarar ya tafi sai shara. Ana ɗaura tsintsiya a doguwar gora a kakkaɓe rufi, a janye gadaje, a wanke tagogi da labule da kwanuka. Ana biyan bashi, ana aski, ana sayen sababbin tufafi. Dole a gama kafin jajibere, don bayan nan tsintsiya hutu take shiga.

Jajayen takardun da ake mannawa a ƙofa fa, akwai ƙa'idar manna su?

Akwai, kuma ko a Sin mutane da yawa suna juya su. Guda uku ne: dogaye biyu a gefen ƙofa dama da hagu, gajeriya ɗaya a sama. Dogayen baiti biyu ne masu yawan haruffa ɗaya, kowace kalma tana fuskantar irinta, suna da suna, aiki da aiki. Sinanci yana da karin sauti huɗu, kuma ana gane baitin farko da karin sautin harafinsa na ƙarshe: idan sauti na 3 ne ko na 4 a Sinancin yau, shi ne na farko, idan na 1 ne ko na 2, na biyu ne. A tsohuwar ƙa'ida, idan ka fuskanci ƙofa baitin farko yana hannunka na dama. Amma a fara duba ta sama: in an rubuta ta daga hagu zuwa dama irin na zamani, baitin farko hagu zai koma.

Da ƙullun fulawa ake mannawa, a dama shi da ruwa a kan wuta har ya yi kauri. In ya yi ruwa da yawa takardar za ta jiƙe, jan launin ya zuba a jikin ƙofa. Asalin abin allunan itacen fic ne da ake ratayewa don korar aljanu, daga baya takarda ta maye gurbinsu. A ƙauyuka har yanzu ana manna hoton masu gadin ƙofa biyu, Qin Qiong da Yuchi Gong, jarumai na gaske da suka yi wa Sarki Taizong na daular Tang yaƙi. Dole su fuskanci juna. In aka sa su sun ba juna baya, an yi kuskure. Gidan da aka yi rasuwa a shekarar ba ya manna ja. Wasu wurare fari ko ɗorawa ko kore suke sawa, wasu su bar ƙofar haka nan.

Harafin "fu", wato albarka, ana juya shi kai ƙasa saboda "ya kife" da "ya iso" lafazinsu ɗaya ne a Sinanci. Masana al'adu da dama suna cewa a jikin randa da akwati da kwandon shara ake kifa shi, na babbar ƙofa a tsaye ya kamata ya zauna.

Da gaske labarin dodo Nian shi ne asalin bikin?

Labarin dai kowane yaro ya san shi. Wai akwai wani dodo mai suna Nian da yake fitowa daga teku ko dutse a daren ƙarshen shekara, ya cinye dabbobi da yara. Mutane suna gudu kan tsauni, har wani tsoho ya zo ya nuna musu abubuwa uku da dodon yake tsoro: jan launi, wuta, da ƙara. Daga nan aka samo jar takarda da fitilu da wasan wuta.

Sai dai ba a samun wannan labari a tsofaffin littattafai, alamu sun nuna daga baya aka ƙulla shi don ya bayyana al'adun da suka riga shi. Abin da yake a rubuce tun ƙarni na 6, a wani littafin al'adun yankin tsakiyar kogin Yangtze, shi ne mutane suna tashi da carar zakara ranar ɗaya ga wata su ƙona gora a tsakar gida don korar aljanun dutse. Gora tana da gaɓoɓi a rufe. Iskar ciki ta yi zafi sai gaɓar ta fashe da ƙara. Da albarushi ya samu, zamanin daular Song, sai aka koma naɗe shi a takarda. Garin Liuyang na lardin Hunan shi ne ya fi suna a wannan sana'a. Yanzu manyan birane da yawa sun taƙaita ko sun hana saboda gobara da hayaƙi, Beijing ta fara hanawa tun 1993.

Me ake ci a daren jajibere?

Wannan cin abinci shi ne zuciyar bikin, shi ne yake sa ma'aikaci ya yi tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa. Kifi ba ya rasa zuwa, da kai da wutsiyarsa, kuma ba a cinye shi duka, saboda "kifi" da "rara" lafazi ɗaya ne: a bar saura don shekara ta zo da rara. Ba a juya shi a faranti a garuruwan masunta, wai kamar kifar da kwale-kwale ne. Ƙashin ake ɗagewa a ci na ƙasa. A kudu akwai niangao, wainar shinkafa mai danƙo da sukari wadda ake turarawa, da kaza sukutum. A arewa kuwa sarki shi ne jiaozi, wanda aka yi shi da siffar dunƙulen azurfa na zamanin da, ana cinsa wajen tsakar dare lokacin da shekaru biyu suke haɗuwa.

Yaya ake yin jiaozi, kuma me yake sa ya fashe a tukunya?

Fulawa giram 500, ruwan sanyi kimanin mililita 260, gishiri kaɗan. A kwaɓa har ya yi santsi, a rufe ya huta minti 30, a sake murzawa. A mulmula shi dogo, a yayyanka kowane gutsure kimanin giram 10, zai ba da kimanin 75. A murza kowanne ya yi faɗin santimita 8, tsakiya da kauri, baki siriri, don tsakiyar ce take ɗaukar nauyi, bakin kuma ninkawa za a yi.

Na ciki: niƙaƙƙen nama giram 500 da kabeji giram 500. Yawancin Sinawa alade suke sawa, Musulminsu kuwa rago ko sa. A yanka kabejin ƙanana, a barbaɗa gishiri, a bar shi minti 15, a matse ruwan tas. Naman a sa masa citta, albasa mai lawashi, ruwan miyar waken suya da man riɗi, ana ƙara ruwa cokali-cokali ana juyawa gefe ɗaya kawai har ya yi danƙo. Sai a haɗa da kabejin dab da naɗi.

A zuba a ruwan da yake tafasa sosai, a tura su a hankali da bayan ludayi don kada su kama gindin tukunya. Da ya tafaso a zuba rabin kofin ruwan sanyi, a yi haka sau uku. Dalilin shi ne naman ciki ya samu lokacin nuna ba tare da tafasa ta yayyaga fatar ba. Fashewa daga abu huɗu take zuwa: kabejin da ba a matse ba, busasshiyar fulawa ko mai a bakin da za a manne, cika ciki fiye da kima, da cunkusa su a ƙaramar tukunya. In ma ya fashe, a wannan dare ba a cewa "ya fashe", sai a ce "ya ci riba". Wasu gidaje suna ɓoye wankakken kwabo a guda ɗaya, wanda ya ci karo da shi shekararsa ta yi kyau. Masu ƙananan yara suna sa gyaɗa ko dabino maimakonsa.

Bayan abinci ba a kwanciya da wuri. Ana zaman raka shekara, fitilu a kunne, ana kallon shagalin gidan talabijin na ƙasa wanda aka fara a 1983.

Jan ambulan: wa yake bai wa wa, kuma nawa?

Goron sallarsu ke nan, sai dai a rufe. Manya suna bai wa yara, masu aure suna bai wa marasa aure, wanda ya fara aiki yana bai wa iyaye da kakanni. Tatsuniyar ta ce wani aljani mai suna Sui yana shafa goshin yaro mai barci a daren jajibere, yaron ya tashi da zazzaɓi. Wasu iyaye suka naɗe kwabo takwas a jar takarda suka ajiye a gefen matashin ɗansu, ƙyallin ya kori aljanin.

Kuɗin su zama sababbi, shi ya sa bankuna suke cika da layi. Adadi ya zama mai rabuwa biyu, a guji 4 don lafazinsa ya yi kusa da "mutuwa", 6 da 8 kuwa ana son su. A lardin Guangdong kuɗin kaɗan ne, yuan (kuɗin Sin) 10 ko 20 ko 50, amma ana bai wa kowa har mai gadi. A wasu larduna ɗaruruwa ake sawa ga 'ya'yan dangi na kusa. Ana karɓa da hannu biyu, ba a buɗewa a gaban mai bayarwa. Farin ambulan na ta'aziyya ne, kada a kuskura. Tun 2014 da manhajar WeChat ta fito da ambulan na waya, mutane da yawa ta nan suke aikawa.

Waɗanne abubuwa ne ba a yi a kwanakin farko?

Ranar farko ba shara, ba zubar da ruwan wanki waje, ba wanke kai, ba almakashi ko allura, ba zagin yaro, ba maganar ciwo ko mutuwa, ba bin bashi. Duka tunani ɗaya ne: arzikin da ya shigo kada a share shi ko a yanke shi. In kwano ya faɗi ya fashe, nan take a ce "lafiya shekara da shekaru", a naɗe gutsattsarin a jar takarda sai bayan kwanaki a zubar.

Rana ta 2 matan aure suke zuwa gidan iyayensu da miji da yara, da tsaraba mai adadi biyu-biyu. Rana ta 3 ana cewa ranar saɓani ce, gara a zauna gida. A wasu yankuna a daren ne ɓeraye suke ɗaurin aure, sai a kashe fitila da wuri a zuba musu hatsi a lungu. Rana ta 5 ake karya dokokin: a kwashe sharar da ta taru a kai waje, wai an kori talauci, a tarbi mai kawo dukiya, kantuna da yawa su buɗe. Rana ta 7 ranar haihuwar ɗan Adam ce a tatsuniyar allahiya Nüwa, wadda ta ƙera kaza a ranar farko, sai kare, alade, tunkiya, sa, doki, ta ƙare da mutum daga laka. Matasan birni ba su cika kiyaye waɗannan duka ba, amma a gaban kaka kowa yana bi.

Mene ne bambancin rawar zaki da ta Loong?

Zaki mutum biyu ne a cikin riga ɗaya, ɗaya kai ɗaya gindi. Loong, dogon halittan nan mai jikin maciji da ƙaho wanda suke dangantawa da ruwan sama, a kan sanduna mutane da yawa suke ɗaga shi, gaɓoɓinsa galibi 9 ne ko wani adadi mara rabuwa biyu, yana bin mai riƙe da ƙwallo. A salon kudu, wanda Foshan ta shahara da shi, mai kanti yana rataye latas da jan ambulan a saman ƙofa. Zakin ya yi ta shinshina yana ja da baya kamar mai tsoro, ya miƙe ya cafke, ya riƙe ambulan, ya watso ganyen. Mai ganga zakin yake bi, ba zakin ne yake bin ganga ba.

Dabbobin shekara fa?

Su 12 ne a jere: ɓera, sa, damisa, zomo, Loong, maciji, doki, akuya, biri, zakara, kare, alade. Labarin ya ce tsere aka yi na ƙetare kogi, ɓera ya hau bayan sa, dab da gaci ya yi tsalle ya riga shi. Kyanwa ba ta ciki don ɓera bai tashe ta daga barci ba, gabarsu ke nan har yau. Shekarar da dabbar mutum ta zagayo ana ɗaukarta mai haɗari, sai ya riƙa sa jan abu a jiki, ɗamara ko safa. Wanda aka haifa a Janairu ko farkon Fabrairu ya duba ranar bikin shekararsa, don watakila dabbar bara ce tasa.

Me ya sa ake dukan san laka ranar Lichun?

Wannan ita ce al'adar da ta fi nuna cewa bikin na manoma ne. A zamanin sarakuna, ana gobe Lichun hakimin kowace gunduma yana fita ƙofar gabas da jama'arsa ya tarbo bazara, don gabas ce kusurwarta. Ana gina sa da laka, kuma ma'auninsa kalanda ne: tsayi chi 4 na lokutan shekara huɗu, tsawo chi 8, wutsiya chi 1 da cun 2 na watanni 12, bulalar reshen itacen wilo chi 2 da cun 4 na kashi 24. Chi ɗaya kimanin sulusin mita ne, kuma cun 10 ne chi ɗaya. A gefensa akwai mutum-mutumin makiyayi, Mang Shen, wanda manomi yake karanta shigarsa da inda ya tsaya: in yana gaban san, Lichun ta zo da wuri, a gaggauta noma, in yana baya, akwai sauran lokaci.

Hakimi ya tsula wa san bulala uku, sauran su bi, har ya farfashe. Cikinsa akwai hatsi. Jama'a su yi wawason lakar da hatsin, a kai gona da rumbu da garke. Saƙon a bayyane yake: hutun sanyi ya ƙare, sa da mai sa su tashi. Har yanzu ana yi a wasu ƙauyuka, sau da yawa da san takarda.

A ranar kuma ana "cizon bazara": a gartsa ɗanyen tushen luobo mai yaji-yaji, a ci chunbing, wata siririyar waina da ake naɗe tsiron wake da ƙwai da sabon ganye a ciki. Sirrin sirantarta shi ne a kwaɓa fulawar da ruwan zafi, a shafa mai tsakanin curi biyu, a murza su tare, a gasa a busasshen kasko, a ɓare su tun da zafi. In sun huce ba sa rabuwa.

An ce akwai shekarar da ba a son aure a cikinta?

Shekarar wata ta fi ta rana gajarta, don haka wani lokaci tana farawa bayan Lichun ta ƙare kafin wata Lichun. Shekarar Loong ta 2024 haka ta kasance, wasu suna kiran irinta shekarar gwauruwa. Ta maciji da ta biyo baya kuwa kwana 384 ta yi saboda ƙarin wata na 13, da Lichun biyu. Lissafi ne kawai, yana maimaituwa kowace shekara biyu ko uku.

Yaushe bikin yake ƙarewa?

Ranar 15 ga wata, daren da wata ya fara cika a shekara, shi ne Bikin Fitilu. Ana rataye kacici-kacici a jikin fitilu, wanda ya warware ya karɓi kyauta. Birnin Zigong na lardin Sichuan shi ne gwanin manyan fitilu. Abincin ranar ƙwallayen shinkafa mai danƙo ne da riɗi ko gyaɗa a ciki. A kudu da hannu ake naɗe su, a arewa kuwa ana tsoma dunƙulen cikin a ruwa, a mirgina shi a tiren gari, a sake tsomawa a sake mirginawa har ya yi jiki. Na arewa ba ya jure firiza, tsagewa yake yi.

Wanzamai kuwa sai 2 ga wata na biyu suke ganin kasuwa, ranar da ake cewa Loong ya ɗaga kai. Akwai camfin cewa wanda ya yi aski a watan farko kawunsa zai mutu.

Tsayar da ƙwai ranar Chunfen, gaskiya ne sai a ranar yake yiwuwa?

A'a. Kowace rana yana tsayuwa in an yi haƙuri, don ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙuraje da suke zama masa ƙafafu. A zaɓi mai kaushi, a ɗora faffaɗan gefen a ƙasa, a jira gwaiduwar ta sauka.

Qingming ranar baƙin ciki ce ko ta shaƙatawa?

Duka biyun. Da safe iyali suna zuwa kabarin kakanni: a cire ciyawa, a ƙara ƙasa inda ruwa ya zaizaye, a goge dutsen, a jera abinci da shayi, a kunna tsinken turare uku, a ƙona kuɗin takarda, a rusuna daga babba zuwa ƙarami. A ƙarshe a danne takarda da dutse a saman kabarin, alamar mai shi yana da zuriya. Ƙona takarda a busasshen tsauni yana jawo gobarar daji, shi ya sa hukumomi suke tura mutane ga ajiye furanni. Bayan nan sai yawo a ciyawa, a soka reshen wilo a ƙofa, a tashi jirgin takarda mai zare, wasu su tsinke zaren don ya tafi da cuta. Tun 2008 ranar hutu ce a ƙasar.

Qingming ta haɗiye wani tsohon biki na cin abinci mai sanyi. Labarinsa na Jie Zitui ne, wanda ya bi ɗan sarkin Jin, Chong'er, gudun hijirar shekara 19 a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, har wai ya yanki naman cinyarsa ya ciyar da shi. Da ubangidan ya hau sarauta, Jie ya ƙi lada ya shige tsaunin Mian da mahaifiyarsa. Aka cinna wa dajin wuta don ya fito, ya mutu a ciki. Sarki ya hana hura wuta a ranar. Mafi tsufan tarihi ɓuyansa kawai ya ambata, wutar daga baya ta shigo labarin. Amma al'adar ta yi ƙarfi a Shanxi har tana kashe tsofaffi da yara, abin da ya sa Cao Cao, mai iko da arewacin Sin a lokacin, ya haramta ta a shekara ta 206.

A yankin Shanghai da Suzhou ana cin qingtuan, curin shinkafa mai danƙo da aka rina da ruwan ganye, da jan wake a ciki. Ana tafasa ganyen da ɗan ruwan toka ko bakin soda don koren ya tsaya, a shafa mai bayan turarawa don kada ya bushe. Ganyen shayin Longjing na Hangzhou da aka tsinka kafin Qingming shi ne mafi tsada. Ruwan da bai wuce digiri 80 ba ake zuba masa, tafasasshe yana ƙona shi ya yi ɗaci.

Musulmin Sin suna yin waɗannan bukukuwa?

Daga ƙabilu 56 na ƙasar, 10 galibinsu Musulmi ne, kamar Hui da Uygur da Kazak da Dongxiang da Salar. Manyan bukukuwansu salla ƙarama da babba ne. Hutun Bikin Bazara na kowa ne, don haka da yawa suna komawa gida, su yi jiaozi da naman rago, su gaisa da maƙwabta, amma ba sa shiga abin da ya shafi hadaya ga Zao Jun ko ƙona turare ga gumaka. Baƙo Musulmi da aka gayyata cin abinci ya faɗi tun da wuri, don kitsen alade da giyar girki suna shiga abincin da ba a zato. Kalmar da zai nema a jikin gidan abinci ita ce "qingzhen", wato halal.

Ɗan kasuwa mai sayo kaya daga Guangzhou ko Yiwu, me ya kamata ya sani?

Kada ya dogara da hutun gwamnati na kwana 8 ko 9. Zirga-zirgar bikin kwana 40 ce, 15 kafin ranar, 25 bayanta. Masana'antu suna fara sallamar ma'aikata mako ɗaya zuwa biyu kafin biki, da yawa ba sa dawowa sai bayan Bikin Fitilu, wasu ma ba sa dawowa sam, sai an ɗauki sababbi. Shi ya sa kayan da aka yi cikin gaggawa dab da rufewa, da na makonnin farko bayan buɗewa, suka fi bukatar a duba su da kyau. Babbar kasuwar Yiwu galibi sai wajen rana ta 12 ga wata take buɗewa. Kuɗin kwantena yana tashi kafin biki, tikitin jirgin ƙasa kuma kwana 15 kafin tafiya ake fara sayarwa, na manyan hanyoyi yana ƙarewa nan da nan. Wanda yake son kayansa su taso kafin hutu ya ba da oda tun Nuwamba ko farkon Disamba.

A biya abokin ciniki sauran kuɗinsa kafin jajibere, don shiga sabuwar shekara da bashi abin ƙi ne a wajensu, shi ma yana da ma'aikatan da zai sallama. A kwanakin farko kada a kira shi kan kuɗi ko ƙorafin kaya. Saƙon "Xinnian kuaile" (barka da sabuwar shekara) ko "Gongxi facai" (fatan samun arziki) ya wadatar. In za a kai tsaraba, lemo ko shayi ko dabino a jan ƙunshi sun yi, a miƙa da hannu biyu. A guji agogon bango, laima, wuƙa, takalmi, da kowane abu guda huɗu.